ALKAMARMU, RUWAN TIGA DA DAJIN FALGORE

Jawabin Malamin Gona ga manoman rani na Kura, Bunkure da Garun Malam



Ga shi damina ta ja baya, shinkafa tana ta nuna, hankalin kowa ya koma kan noman rani. Bisa al'ada, in muka haɗu a irin wannan lokaci, maganar iri da taki mu ke yi. Yau ma za mu taɓa su. Amma babban abin da ya tara mu shi ne ruwan da mu ke ba alkama: inda ya ke fitowa, inda ya ke zuwa bayan ya bar mu, da abin da ya wajaba a kanmu don kada ya yanke.

INDA RUWANMU YA KE FITOWA

In ka tambayi yaro a Kadawa ina ruwan kanal ya ke fitowa, zai ce maka daga Tiga. Gaskiya ne, amma amsar ba ta cika ba. Tiga randa ce, ba ita ke haifar ruwa ba.

An gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, wanda ya kashe dabbobi ya kuma bar rumbuna wayam. An gina madatsar ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan babban kanal ke ɗauko shi, ya bi ta Ruwan Kanya, sa'an nan ya rabu biyu, reshen gabas da reshen yamma, har ya iso fangalinka. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da wannan aiki. Ko mutanen birnin Kano ma, ruwan famfon da a ke tacewa a Tamburawa daga wannan kogi ya ke.

To, wa ke cika randar? Kogin Kano daga tuddan kudancin jihar nan ya ke gangarowa, ya ratsa tsakiyar Dajin Falgore kafin ya zuba a Tiga. Wannan daji yana kan hanyar Kano zuwa Jos, ya shafi ƙananan hukumomin Tudun Wada, Doguwa da Sumaila, faɗinsa kuwa ya haura kadada 90,000. Tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1940, aka keɓe shi da sunan Gandun Dajin Kogin Kano. Cikin shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Akwai doka da maɗaci da marke da kawo da taura da ɗinya da tsamiya a cikinsa. An kuma san shi da gwanki da gada da mugun dawa da birai da tsuntsaye iri iri, ko da ya ke farauta da saran itace sun rage su ƙwarai.

Wani zai ce, "Malam, mu da ke noman alkama a Bunkure, ina ruwanmu da gwanki?" Ku saurara ku ji.

AIKIN DA DAJI KE YI WA MADATSA

Ku ɗauki misali da gonar tudu. In ruwan sama ya faɗi a kan ƙasa mai ciyawa da ganye, ba ya gudu. Yakan tsaya ya nutse a hankali. In kuwa ƙasar tsirara ta ke, sai ya kwashi yashi da laka ya yi gaba, ya bar maka kwazazzabo. Haka abin ya ke a daji, sai dai can ya fi girma.

Ganyen itace yana karya ƙarfin ruwan sama kafin ya bugi ƙasa. Saiwa tana riƙe gaɓar kogi. Busasshen ganye da ciyawa suna shanye ruwa, su sake shi kaɗan kaɗan. Saboda haka ruwan da ke fitowa daga daji mai rai ba ya ɗauke da laka mai yawa. In aka sare itatuwa, aka ƙone ciyawa, aka yi noma har bakin kogi, duk ƙasar da ruwa ya kwasa a cikin Tiga za ta kwanta. Kowane kwandon laka da ya shiga, wurin kwandon ruwa ya ci. Madatsa za ka gan ta cike fal, alhali gindinta taɓo ne. Yashe kanal aiki ne da ƙungiya ke iya yi. Yashe tafki kamar Tiga kuwa, ko Gwamnati sai ta yi da gaske.

Kun ga ke nan, mai saran itace a Falgore da mai ban ruwa a Kura igiya ɗaya ta ɗaure su, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Kuma kada mu yi saurin nuna wani da yatsa. Buhun gawayin da mu ke saye a bakin titi, da itacen da a ke jibgewa don turara shinkafa a garuruwanmu, daga wani daji aka saro su. In babu mai saye, babu mai sara.

INDA RUWAN KE ZUWA BAYAN YA BAR MU

Ruwan da ya wuce mu ba ɓata ya ke yi ba. Kogin Kano yana haɗuwa da Kogin Calawa, su zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil da Ringim da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sauransa ya nufi Gashuwa, ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi.

Waɗannan fadamu su ne rumbun dubban jama'a: masunta, makiyaya, manoman shinkafa, da masu shuka bayan ruwa ya janye. Can ne kuma tsuntsayen ruwa ke sauka lokacin hunturu, waɗansunsu tun daga ƙasashen Turai. Saboda muhimmancinsu aka keɓe wurare kamar Baturiya a Jihar Jigawa da Dagona a Jihar Yobe. An sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, Baturiya kuma a 2008.

Tun da aka gama Tiga a 1974, aka kuma ƙara da madatsar Calawa a 1992, tafiyar kogin ta sake. A da, yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe da rani. Bayan madatsun, ambaliyar da ke jiƙa fadama ta ragu, ruwa kaɗan kuma ya riƙa bin kogin har da rani. Wannan shi ya ba ciyawar kacala dama. Ita kacala ba abin da ta ke so irin ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsun jan-baki. Jan-bakin nan kuwa ba ya tambayar iyakar jiha, in ya taso har kan alkamarmu da shinkafarmu ya ke sauka.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku duba magudanan fitar da ruwa na sassanmu, kacalar ba ta iso ba? Ta iso tuni.

ME YA SA ALKAMA TA CANCANCI WANNAN WAHALA?

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun noma ta a fadama da jigo tun kafin zuwan Turawa, da ita a ke alkaki da funkaso da taliya da gurasa. Amma yau mafi yawan alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje a ke sayo ta. A 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da ita, manoman Kano suka noma ta da yawa, bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, farashi ya faɗi. A 2022 kuma, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, kowa ya ga yadda kuɗin fulawa da burodi ya tashi. Darasin shi ne, farashi da dokar Gwamnati suna hawa suna sauka, ba a hannunmu su ke ba. Abin da ke hannunmu shi ne yawan buhun da kadada za ta bayar, da yawan ruwan da za mu kashe kafin a same shi.

Abin farin ciki, aikin da ke ƙara amfanin alkama shi ne dai aikin da ke tsimin ruwa. Ga su dalla dalla.

1. SHUKA A KAN KARI

Alkama 'yar sanyi ce. Lokacin shukarta shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, wanda ya riga kuwa ya fi samu. Tana bukatar wajen wata uku zuwa uku da rabi kafin ta isa yanka. Wanda ya kai Janairu bai shuka ba, alkamarsa za ta fitar da kai daidai lokacin da zafin bazara ke shigowa. Sai ƙwayar ta tsamure, buhu ya yi sako sako. Ga shi kuma cikin zafi ƙasa ta fi saurin bushewa, tilas ya ƙara ban ruwa. Watau ya sha ruwa fiye da kowa, ya sami amfani ƙasa da kowa.

Abin da ke jawo makara a wurinmu sananne ne: shinkafar damina ba ta bar gona da wuri ba. Saboda haka shirin alkama tun daga watan Yuni ya ke farawa. Gonar da ka yi niyyar sa wa alkama, ka dasa mata shinkafa mai saurin nuna, kuma da wuri.

2. IRI MAI KYAU

Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ita aka ɗora wa binciken alkama a ƙasar nan, ga kuma tashar binciken ban ruwa ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a nan Kadawa. Akwai ire-iren da aka gwada a ƙasarmu, kamar Norman da Reyna-28 da Atilla. A nemi iri daga wurin da aka amince da shi. Kafin shuka, a ƙirga ƙwaya 100 a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma kwana biyar zuwa bakwai. In waɗanda suka tsiro ba su kai 85 ba, a ƙara yawan irin ko a sake wani.

Kadada ɗaya, watau eka biyu da rabi, tana cin iri kilo 100 zuwa 120. Shuka a layi ta fi watsi. A bar tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakanin layi da layi, kamar taƙi ɗaya ke nan, zurfi kuma kada ya wuce gaɓa biyu ta yatsa.

3. DAIDAITA FANGALI

Wannan shi ne aikin da mutane suka fi rainawa, shi ne kuwa ya fi cin ruwa. In fangali yana da tudu da kwari, kafin ruwa ya hau tudun, kwarin ya zama tafki. Alkamar tudu ta ji ƙishirwa, ta kwari ta ruɓe. A baje ƙasa sosai, a yi fangali madaidaici, a ɗaga kunyarsa yadda ba za ta fashe ba.

4. BAN RUWA DA AWO

Alkama ba shinkafa ba ce, jama'a. Ba ta son ƙafarta cikin ruwa. In ka ga ganyenta ya yi ɗorawa bayan ban ruwa, kada ka ruga sayen taki, duba ko ruwa ne ya kwanta mata. A irin ƙasarmu mai jigawa jigawa, ban ruwa kowane kwana 7 zuwa 10 ya isa, gwargwadon sanyi da irin ƙasar. Ka tona da hannu kamar zurfin tafi, ka dunƙula ƙasar. In ta dunƙulu, da sauran laima.

Akwai lokuta huɗu da ba a wasa da su: wajen mako uku bayan shuka, sa'ad da ta ke kafa saiwa tana yin 'ya'ya, sa'ad da ta ɗauki ciki, sa'ad da ta fitar da kai tana fure, da sa'ad da ƙwaya ke cika tana madara. Kada a ba ta ruwa ran da iska ke kaɗawa da ƙarfi bayan ta fitar da kai, za ta kwanta. In zangarniya ta fara ja, ƙwaya ta yi tauri, a tsai da ruwa.

Wanda ya sa bututu ya tafi kasuwa, ya bar ruwa yana malala kan hanya, laifi uku ya yi. Ya hana na ƙarshen kanal rabonsa. Ya wanke takinsa da kansa. Ya kuma taimaka wa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso, wanda shi ke jawo farin gishiri irin na kanwa a fuskar gona. Gonar da gishiri ya kama, gyaranta sai an sha wuya.

5. TAKI

Ga kadada ɗaya, abin da aka saba bayarwa shi ne kamar buhu 6 na kamfa 15-15-15 lokacin shuka, da buhu 3 na yuriya a raba biyu, kashi ɗaya wajen mako uku, ɗaya wajen mako shida. A sa taki a ƙasa mai laima, ba cikin ruwa mai gudu ba. Takin da ruwa ya kwashe, kacala ya ke ciyarwa a magudana. Takin gargajiya kuwa kada a yar da shi, shi ke sa ƙasa ta riƙe laima.

6. YASHE KANAL DA MAGUDANA

An gyara manyan hanyoyin ruwa na wannan shiri da taimakon Bankin Duniya, ƙarƙashin shirin TRIMING. Amma ƙananan kanal na cikin gonaki da magudanan fitar da ruwa, kula da su na ƙungiyoyinmu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace ƙungiya ta sa ranar gayya kafin a saki ruwa. Kacala a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, yadda kututturen zai nutse, kuma kafin ta fitar da kai ta watsa iri. Kada a fasa bakin kanal don satar ruwa. A biya kuɗin ruwa a kan lokaci. Ku tuna kuma, ruwan da ya kwanta cikin ciyawa gidan sauro ne, gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne. 'Ya'yanmu ne ke wanka a ciki.

7. MAGANIN ƘWARI DA NA CIYAWA

Kada a wanke injin feshi a kanal, kada a jefa kwalbar magani a ciki. Wannan ruwa mutane na wanki da shi, shanu na sha, kifi na ciki, kuma har Haɗeja za shi. Zuba guba a ruwa don kama kifi ko kashe tsuntsaye haramun ne a doka, cuta ce kuma ga jama'a. In aka ga taron jan-baki, ko aka gano inda su ke kwana, a gaggauta sanar da Malamin Gona don a kai rahoto ga Hukuma. Kuma ba kowane tsuntsu ne abokin gaba ba. Mujiya ɓeraye ta ke ci, su kuwa ɓeraye kun san ɓarnar da su ke wa alkama. Balbela fara da tsutsa ta ke tsinta. A ja wa yara masu danƙo kunne.

8. WUTA DA ITACE

Kada a ƙone bunun shinkafa ko ƙaran alkama. Abincin dabbobi ne, kuɗi ne, taki ne. A yi shiri da makiyaya tun da wuri a gaban mai unguwa: bayan an kwashe amfani su shigo su ci, su bar taki. A bar musu burtali da mashaya. Makiyayin da ya sami abinci a kusa, ba ya bukatar sassake itatuwan gandu.

Masu turara shinkafa su gwada murhun da ke aiki da buntun shinkafa. Ga shi nan tsibi tsibi a bayan injinan casa, ana rasa yadda za a yi da shi. Matan gida kuma murhu mai tsimin itace ya fi na duwatsu uku.

Kowane magidanci ya dasa itacen kansa: darbejiya, zogale, mangwaro, a gida da iyakar gonar tudu. Amma ban da bakin kanal, domin saiwa tana fasa siminti. Gawo ma a bar shi a gonar tudu, inda ya ke kaɗe ganye da damina ya ba gero taki, don da rani ya ke yin ganye, inuwarsa za ta danne alkama. Akwai kuma dabarar da 'yan'uwanmu na yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar suka runguma tun shekarun 1980. In suna sassabe, ba su tumɓuke kututturen da ya toho. Sukan zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da wannan kaɗai gonaki masu ɗimbin yawa suka sake yin itatuwa, ba tare da an sayi dashe ko ɗaya ba. Abin da ya yiwu a Maraɗi, inda ruwan sama bai kai namu ba, zai yiwu a nan.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, mu a tsakiya Allah ya ajiye mu. A sama da mu akwai daji mai tace mana ruwa. A ƙasa da mu akwai fadama da jama'ar da ke jiran abin da muka rage. Iyayenmu da suka ga farin 1973 ba su da kanal, sai jigo da guga. Mu mun gaji kanal, kuma amana ce. In Tiga ta cika da laka, ko gishiri ya kama gonakinmu, babu wani kogin da za a kawo mana.

Abin da na ke roƙo kafin mu tashi guda uku ne. Kowace ƙungiya ta tsai da ranar yashe kanal cikin makon nan. Kowane manomi ya ƙudura gama shukar alkamarsa kafin tsakiyar Disamba. Kowane gida kuma ya tanadi wurin da zai dasa itace in damina ta faɗi. Mai tambaya game da iri, taki ko awon gona, ya tuntuɓi Malamin Gona na sashensa, ba a biyan ko kwabo.

Allah ya ba mu hunturu mai albarka, ya kiyaye mana ruwanmu da dazuzzukanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Wassalamu alaikum.